Sola ɗin da na saya lokacin takunkumi: ga yadda ta kasance

Jama'a masu tambaya ta a kan sola ɗin gidana, to ga bayani. Pano (faifan sola) biyu ne da batiri ɗaya da ɗan inbata (na'urar da ke mai da wutar batiri irin ta gida), na saye su a wani shago cikin kasuwar Maraɗi a watan Agustan 2023, wato bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar da CEDEAO (ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka) ta ƙaƙaba mana takunkumi Najeriya kuma ta yanke kuran, wato wutar lantarki. Wallahi sai lokacin na san kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da muke sha a wancan lokacin daga can take zuwa, ni da nake ta ihun zancen ƙasa ne ashe makunnin fitilar ɗakina ma yana hannun maƙwabta.

Aikinta dai ba laifi, tana ɗaukar ƙwai huɗu da fanka ɗaya da cajin waya har asuba in an samu rana sosai, amma firigo kam kada ma ka fara, mai shagon ya rantse mini zata ja, ranar da na jona inbata ta dinga kuka kamar an taka wutsiyar mage, ƙanƙarar da uwargida ke saidawa duk ta narke. Da na koma sai ya ce "Alhaji ai ƙaramin firigo nake nufi". Batirin ma bai cika shekara biyu ba ya fara sanyi, kuma da hunturu kullum sai yaro ya hau rufi ya goge ƙura in ba haka ba caji rabi.

Wani abokina ɗan boko ya ce diyauci shi ne ƙasa ta yanke hukuncinta ba mai tsoma mata baki, kamar yadda aka sallami sojan Faransa a Disamban 2023 aka kuma fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Na yarda, hakkinmu ne. Amma ni a nawa ganin in wani na iya kashe maka wuta daga ƙasarsa to da sauran aiki, ga uraniyom a Arlit ga rana kamar ta gasa mutum, dam ɗin Kandaji na samar da wuta kuma tun muna samari ake zancensa. Panon nan nawa ma na Sin ne, na duba bayansa.

An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 wuta ta dawo amma ban cire ba. Wanda zai saya ya ƙara kuɗi ya ɗauki batirin lityom, kuma ya sa mai shago ya rubuta garanti a takarda.