Taron EGU na Vienna, ya cancanci kuɗin da wahalar?

Duk wanda yake harkar kimiyyar ƙasa, ko duwatsu ne ko ruwan ƙarƙashin ƙasa ko girgizar ƙasa ko sauyin yanayi, to ba makawa ya taɓa jin ana maganar EGU, wato babban taron shekara-shekara na ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Turai. A 2002 aka kafa ƙungiyar bayan an haɗe wasu tsofaffin ƙungiyoyi biyu, kuma tun 2005 a Vienna ta ƙasar Ostiriya ake taron, a ginin Austria Center, galibi cikin Afrilu, Litinin zuwa Juma'a. Ana yawan tambaya ta wai ya cancanci mutum ya kashe masa kuɗi, amsata ita ce eh, amma fa sai ka san inda za ka tsaya in ka shiga.

Girmansa shi ne abin da zai fara kama ka. A 'yan shekarun nan mutum wajen dubu 20 ke halarta, kuma a lokaci guda ana lacca a zauruka da yawa, sai ka ga bayanai biyu da kake matuƙar son ji sun faɗo a sa'a ɗaya, ɗaya a hawa na sama ɗaya can ƙasa, kafin ka sauko ka sami ƙofar an riga an tafa wa mai magana. Wajen minti goma ake ba kowa, tambaya ɗaya ko biyu shikenan an kira na gaba. Gaskiya wannan ɓangaren bai cika gamsar da ni ba, kanun bincike kawai kake ji, ba ka samun zurfinsa. Shi ya sa tun kafin ka taso ka zauna da manhajar taron ka zaɓi abin da za ka halarta, sauran ka haƙura da su.

Inda kuɗinka yake fita shi ne zauren fosta, inda kowa ke manna babbar takarda mai ɗauke da sakamakon bincikensa ya tsaya a gefenta yana amsa tambayoyi, wallahi nan ne taron yake. Za ka ga ɗalibar digiri na uku ta zaro fostarta daga doguwar robar da ta rataya a kafaɗa ta manna a allo, hoton binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da aka yi ta hanyar tura lantarki cikin ƙasa, mai launin shuɗi da ja, sai wani dattijon farfesa ya tsaya ya ɗora yatsa a kan shuɗin ya ce ta yaya kika tabbatar ruwa ne wannan ba yumɓu ba, tunda dukkansu lantarki yana ratsa su da sauƙi, akwai rijiyar burtsatse kusa da kika gwada sakamakon da ita? Su yi minti ashirin suna tattaunawa, ta ciro biro tana rubutawa a bayan takardar shirin taron, su yi musayar imel. Irin wannan gyaran ba ka samunsa a zauren lacca, kuma sau da yawa daga nan ake ƙulla aikin haɗin gwiwa ko a ji labarin gurbin karatu.

Sai PICO, wato gajeren jawabi haɗe da nuna aiki a sikirin, wanda ni a ganina shi ne tsarin da ya fi dacewa da sabon shiga. Kowa minti 2 kacal ake ba shi ya faɗi jigon aikinsa a gaban jama'a, daga nan sai ya koma gaban babban sikirin da ake taɓawa da hannu, masu sha'awa su biyo shi, ya buɗe taswira ya ƙara girmanta ya nuna musu data ɗaya bayan ɗaya. Ba fargabar doguwar lacca, ba kuma wahalar buga fosta.

Maganar shiri kuma, a Janairu ake rufe karɓar taƙaitaccen bayanin bincike, ana biyan kuɗin dubawa daban da kuɗin rajista, kuma a ƙa'ida taƙaitaccen bayani guda ɗaya za ka tura a matsayin marubuci na farko. Akwai tallafin tafiya na Roland Schlich, amma wa'adinsa yana rigan na sauran rufewa, da yawa sai ya wuce suke jin labarinsa. Mai buƙatar bizar Schengen, wato ta shiga ƙasashen Turai irin su Ostiriya, kada ya yi sanya, haka ma otal, don a satin taron ɗakuna suna tsada kuma suna ƙarewa da wuri. Sauƙin abin dai jirgin ƙasa na U1 yana sauke ka dab da ginin, ko a ina ka kama ɗaki a garin ba matsala.

Tun bayan korona, da aka yi na 2020 da 2021 a intanet zalla, ana iya halarta daga gida. Ya yi kyau ga wanda ba shi da halin tafiya, zai ji laccoci ya duba kayan da masu bincike suka ɗora ya bar musu tambaya a rubuce, sai dai hirar gaban fosta ba ta shigowa ta kwamfuta yadda ya kamata.

Akwai na AGU, takwarar EGU ta Amurka, da ake yi a can cikin Disamba, akwai kuma babban taron ilimin duwatsu na duniya da aka fara a Paris a 1878, wanda ake yi duk bayan shekara huɗu, na 2024 a Busan ta Koriya ta Kudu aka yi. Amma ɗalibin da yake da sakamako a hannu yana neman masu duba masa da idon basira, ni EGU zan ce ya fara gwadawa, kuma wajen cike fom ya zaɓi fosta ko PICO.