Ƙurajen nafkin da suka ƙi jin magani: me za ki saya, me za ki bari a kanti

Ranar da na kwance wa 'yata nafkin da asuba na ga matsematsinta ya yi jawur har yana ƙyalli, ina ɗora auduga ta ƙwalla ƙara, wallahi zama na yi bakin gado nima ina hawaye, don sati na uku kenan muna abu ɗaya, kirim kala uku na saya kowanne sai ya ɗan lafa kwana biyu abin ya dawo sabo. Watanta 7 lokacin, ga zafin Afrilu na Kano wanda babba ma a tsakar gida yake kwana. Ni kuma ba zan iya komawa pampas gaba ɗaya ba, kowa ta san yanda ya yi tsada tun 2023, masu Pampers suka ce sun daina haɗawa a Najeriya sai dai su shigo da shi, masu Huggies ma suka rufe masana'antarsu ta Ikorodu a 2024, da yawanmu dole muka koma nafkin ɗin da iyayenmu suka rene mu da shi.

Toh 'yar uwa kafin ki ba da kuɗi a je kemis, ki ɗauki yaron ki kai shi haske ki buɗe cinyoyinsa ki duba da kyau, don ƙurajen nan ba iri ɗaya ba ne kuma abin da za ki saya ya danganta da wanne ne. Idan jan yana saman ɗuwawu da inda nafkin ke goga amma cikin lanƙwasar cinya fes yake, wannan cin fitsari da kashi ne da gogayya, man kariya da yawan canji da shan iska suna maganinsa cikin kwana uku zuwa huɗu. Amma in kika ga jan ya shige har cikin lungun cinya, ja sosai kaman ɗanyen nama, ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo sun watsu a gefe kaman an yayyafa, kuma ya wuce kwana uku ba sauƙi, to galibi fangas ne ya shiga, wanda a asibiti suke ce wa kandida. Ya fi zuwa bayan yaro ya sha antibayotik ko ya yi gudawa, wani lokacin ma za ki ga fari-fari a harshensa da cikin kumatu wanda baya goguwa. Shi wannan ko ki ƙarar da gwangwanin basilin ba zai tafi ba. Namu kenan, wata nas ce a ƙaramin asibitin unguwarmu ta duba minti ɗaya ta faɗa min, Allah ya saka mata da alheri.

Man kariya dai aikinsa ɗaya, ya tsaya tsakanin fata da lema. Basilin shine mafi arha kuma in kin samu fari sol mara turare yana aiki sosai wajen rigakafi, ki guji mai launi mai ƙamshi da ake zubawa a roba ba suna ba lambar NAFDAC. Man kaɗanya ma haka, ni ina son shi don yana fita a wanki fiye da basilin, amma ki samu mai tsabta wanda bai yi ɗoyi ba, ki ɗan murza a tafin hannu ya narke kafin ki shafa. Su biyun na lokacin da fata take lafiya ne ko ta ɗan fara ja. In ta riga ta yi ja sosai sai masu sinadarin zink, farin kirim ɗinnan mai kauri. Sudocrem yana da zink wajen kashi 15 cikin ɗari, shi aka fi samu a manyan famasi. Desitin kala biyu ne, mai shuɗin kwali kashi 13, mai kwali shunayya (purple) kashi 40, wannan na biyun ya fi riƙe fata musamman da dare ko lokacin gudawa amma ya fi tsada kuma ya fi wuyar wankuwa a jikin yadi. Bepanthen ba shi da zink, yana da laushi baya barin fari, na fi ganin amfaninsa a ja kaɗan. Akwai kuma na zink da man zurma da wasu famasi ke sayarwa a ƙaramar roba, arha ne kuma ba laifi. In kuɗinki na abu ɗaya ne ni dai mai zink zan ce ki ɗauka, matsakaici, kuma ki duba ranar lalacewa da murfin ko an taɓa buɗewa.

Abu ɗaya da masu nafkin ya kamata su sani, duk waɗannan mayukan suna laƙewa a jikin yadi, a hankali nafkin ya daina shan fitsari, ki ga kin ɗaura yanzu amma fitsarin ya zurare ta gefe ko ya kwanta a kan fata. Saboda haka ki sa wani ƙyalle siriri tsakanin fata da nafkin, ana sayar da na takarda mai laushi a naɗe, amma gaskiya tsohuwar farar shimi ta auduga da kika yayyanka ta isa, in ta yi maiƙo sosai ki yar. Kuma ba sai kin kankare tsohon kirim tas duk canji ba, wannan gogar kanta tana saluɓe fata, ki cire wanda ya ɓaci ki ƙara sabo a kai.

Idan fangas ne kuwa, abin da ake bayarwa kirim ne mai magani ɗaya tak, a jikin kwalin za ki ga an rubuta clotrimazole 1%, irin Canesten da 'yan uwansa masu arha, ko miconazole ko nystatin. Ana shafa shi siriri sau biyu zuwa uku a rana, kuma ba a dainawa ranar da jan ya ɓace, ana ƙara wasu kwanaki yanda ma'aikacin lafiya ya ce, ni nan na so in yi kuskure don kwana huɗu na ga fes na ɗauka an gama. In akwai farin nan a baki shima sai an ba shi nasa maganin, in kina shayarwa kuma kan nono na miki zafi ki faɗa a duba ki, in ba haka ba ku yi ta ba juna.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai, dan Allah ki tsaya a nan. Kirim ɗinnan da ake ce wa mai aiki uku, wanda kina cewa ƙuraje yaron kemis zai miƙo miki. Irin su Funbact-A akwai betamethasone a ciki, Skineal kuma clobetasol, duka sitiroyid ne, wato magungunan kwantar da kumburi, masu ƙarfi, clobetasol ma yana cikin mafi ƙarfi gaba ɗaya. Magunguna ne masu aikinsu in likita ya rubuta wa babba, amma ba na ɗuwawun jariri ba ne. Fatar jariri siririya ce, ga nafkin da wandon roba sun rufe wurin da ɗumi da lema, sai jiki ya zuƙe maganin fiye da kima. Abin da ke yaudarar uwa shine kwana ɗaya biyu jan ya kwanta ki ce alhamdulillahi an dace, kina dainawa ya dawo ya fi da, ki sake shafawa, a haka fatar ta yi ta sirancewa tana haske, in aka daɗe har cikin jikin yaron yana taɓawa. Nima an ba ni irinsa a wani kemis na shafa kwana biyar kafin nas ɗinnan ta karɓe shi a hannuna. Akwai masu zuba shi cikin man shafawar jariri wai don ya yi fari ya yi kyau, wannan kam ki hana duk wadda kika gani ko da za ta ji haushinki. In likita ya ga kumburin ya yi yawa shi da kansa zai rubuta mara ƙarfi na 'yan kwanaki, wannan daban.

Hoda ki bar ta. Tana dunƙulewa da lema a lungun cinya, yaro kuma yana shaƙar ƙurarta, mai sanyin nan ta ƙurajen zafi kuwa raɗaɗi take a fatar da ta saluɓe.

Sai nafkin ɗin kansa, kuma a nan nake ganin ya fi kamata kuɗinki ya tafi ba a kirim na huɗu ba. Farin nafkin mai kaman tawul wanda ake saya dozin-dozin a Sabon Gari shine har yau na fi yarda da shi, in dai auduga ce zalla, don yana jure tafasasshen ruwa, yana buɗewa falle ɗaya rana ta ratsa shi. Ki murza a hannu kafin ki saya, in kika ji santsi-santsi yana ƙyalli to an haɗa da roba ba zai sha ruwa ba. Ki sayi dozin biyu in da hali, jariri sabon haihuwa yana iya ɓata goma zuwa sha biyu a rana, mai dozin ɗaya dole ta riƙa jinkirta canji ko ta ɗaura wanda bai gama bushewa ba, kuma daga nan ƙurajen ke farawa. Akwai na zamani masu maɓalli masu zane-zane da ake zura ƙyalle a aljihunsu, suna da kyau a ido ba fil ba naɗi, sun dace da fita unguwa, amma bayansu leda-leda ne suna riƙe zafi, a damina kuma suna daɗewa ba su bushe ba. Ƙyallen cikinsu yawanci maikurofaiba ne, wato wani yadin roba mai shan ruwa sosai, shi ba a ɗora shi kai tsaye a fata don yana busar da ita, cikin aljihun ake sa shi, kuma shine ya fi riƙe zarni in wanki bai yi ba. Na gwanjo in za ki saya sai kin wanke da bilic tukunna.

Wandon roba kuwa shine babban mai laifi a zafin bazara. Ranar da zafi ya haura digiri 40 ki rufe yaro cikin leda mai matse cinya, ai dafa fatar kike. Ki sayi wanda ya ɗan fi shi girma, ki bar shi na dare da fita. Da rana a gida ki shimfiɗa ledar gado ki ɗora tsohon zani ki ajiye shi ba komai a jikinsa, ledar nan ita ce sayayyar da ta fi min amfani a duk wahalar nan. Kakata ma haka take cewa, ku bar yaro ya sha iska, kuma tun yana ƙarami take ɗora shi a ƙafafunta bayan ya sha nono ya yi kashinsa a ƙasa, in wuyansa da bayansa sun yi ƙwari ki sayi ƙaramin fo, duk kashin da ya tafi fo fatarsa ta huta.

Wanki ne ya rage, ni anan matsalata ta ɓuya. Da sabulun sanda nake wankewa da ruwan rijiyarmu mai zartsi wanda baya kumfa, ashe sabulun yana haɗuwa da ruwan ya bar dauɗa a cikin zaren, nafkin ya yi tauri, yaro na yin fitsari ki ji zarni ya bugi hancinki nan take. In kina jin wannan zarnin to nafkin ɗin bai fita ba ko da ya yi fari. Garin omo ya fi sabulun sanda a irin wannan ruwan, ko Ariel ko Klin ko Sunlight duk wanda kika saba, ki zaɓi mara ƙamshi da yawa, ki fara ɗauraye kashi da fitsari da ruwan sanyi, ki wanke da ruwa mai zafi, ki yi ta ɗauraya har ruwan ya fita garau ba kumfa, sau uku ko huɗu. Ruwan laushin kaya mai ƙamshi kar ki saya, yana toshe yadi. Jiƙa nafkin kwana guda a maganin kashe ƙwayoyin cuta mai warin asibiti shima na daina, ragowarsa na cin fata. In fangas ne ki tafasa na audugar a tukunya ta daban, ko bayan kin wanke su tas ki jiƙa a ruwan sanyi da ɗan Hypo ko Jik yanda aka rubuta a jikin robar kaman rabin awa ki ɗauraye sosai, kar ki zuba bilic a kan nafkin mai fitsari kuma kar ki haɗa shi da wani maganin wanki ko na banɗaki, hayaƙin da yake tashi yana cutarwa.

Ki shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ba ba a inuwa ba, ki goge da dutsen guga ko na gawayi ne musamman da damina, don akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kaya masu ɗanshi da warin fitsari, tsutsar ta shiga fatar yaro ta yi kaman maruru, zafin guga yana kashe ƙwan.

Akwai masu tambaya ko a koma pampas har ya warke. Ni na yi hakan da dare kawai na tsawon sati ɗaya, na sayi ƙaramin ƙunshi na Molfix na ɗauki lamba ɗaya sama da nata don kar ya matse, ya ba ni damar wanke nafkin ɗina gaba ɗaya in busar. Waifs kuma na ajiye, auduga da ruwan ɗumi a buta, mace daga gaba zuwa baya, a danna a hankali da ƙyalle ya bushe kafin a shafa komai.

In kin yi duk wannan sati ya zagayo ba sauƙi, ko kika ga ƙuraje masu ruwa ko mugunya ko ɓawo rawaya, ko wurin na jini, ko ya bazu zuwa ciki da baya, ko ga zazzaɓi yaro ya ƙi nono, ko jaririn bai wuce wata biyu ba, kar ki sake aikawa kemis, ki goya shi ku tafi asibiti, ki haɗa duk mayukan da kika shafa a leda ki nuna wa likita.