Rediyo ko Waya: Wa Ya Fi Kai Labari Ƙauye?

Tun 1957 BBC ke watsa shirye-shirye da Hausa, DW ta Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Rediyo dai ɗan gida ne. Batiri biyu sun ishe shi. Manomi ya rataye akwatinsa a reshen bishiya yana huɗa, mai shayi ya ƙure murya kowa a kan benci ya ji, ko da bai taɓa shiga aji ba. Labari kuma sai ya bi ta hannun edita kafin ya fita. Matsalarsa, mai mulki na iya rufe masa baki da takarda ɗaya: a Nijar an dakatar da RFI ta Faransa a 2023, BBC ma aka dakatar da ita wata uku a ƙarshen 2024.

Waya kuwa, tun zuwan GSM Najeriya a 2001, ta ba kowa baki. Da saƙon murya a WhatsApp, ɗan kasuwar Dawanau kan ji farashin wake a Maraɗi kafin ya yi lodi. Sai dai data na cin kuɗi, caji ma sai an biya mai janareta, ga tsohon bidiyo da ake laƙaba wa sabon rikici. Ita ma ana toshe ta: a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga.

A ganina, sanarwar rigakafi ko hasashen damina, rediyo ya fi kai su lungu. Amma in famfon gari ya lalace, hoto ɗaya a Facebook ya fi saurin tayar da shugaban ƙaramar hukuma.