Takardun adaka ko kundin Faransa: ta ina za a fara neman kakan da ya tafi soja?

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya yi tambaya: an ɗauki kakansa soja a zamanin Faransawa, bai dawo ba, ba a san inda ya rasu ba. Ya fara da tonon takardun gida, ko ya rubuta wa Faransa kai tsaye?

Malam, hanyoyin biyu ba abu ɗaya suke bayarwa ba. Takardun gida su ke faɗa maka ko wane ne shi a idon soja, na Faransa kuma su faɗa maka inda aka kai shi da yadda ya ƙare.

A gida, abin nema shi ne ɗan littafin soja, livret militaire, sai katin tsohon soja da takardar karɓar fansho. Abu uku za ka kwafo: lambar soja, wato matricule, da shekarar da aka ɗauke shi, wadda suke rubutawa classe, da sunansa daidai yadda aka rubuta shi da Faransanci. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da mutane. Ku kun san shi da Usman, magatakarda ya rubuta Ousmane. Ɗan ya koma Dan. Wani ma da laƙabi aka rubuta shi, Tanko ko Nomao, sunan yanka bai shiga ba sam. Akwai kuma waɗanda aka tura a madadin wani, suka yi aikinsu duka da sunan da ba nasu ba. Shekarar haihuwa kuwa kada ka dogara da ita, don "né vers" da ke gabanta, wato an haife shi wajajen shekara kaza, ƙiyasi ne kawai.

Raunin wannan hanya a fili yake: littafin soja yana tare da mai shi, wanda ya mutu a can da wuya nasa ya iso gida. Gara da ɗigar damina sun ci wasu, ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi garin Maraɗi daga kwari zuwa tudu ita ma ba ta bar kaya ba. Dabarar ita ce ka tambayi dattawan garinku da wa da wa aka tafi da su tare. Idan ɗaya ya dawo, littafinsa zai ba ka shekara da rundunar da aka fara kai su. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, kada ka liƙa masa salatif, yana cinye tawada.

Ɓangaren Faransa kuwa, fara da wanda ba ya cin ko dala: shafin intanet na Mémoire des hommes. Yana da sunayen waɗanda aka rubuta "Mort pour la France", wato ya mutu don Faransa, a yaƙin 1914–1918, na 1939–1945, na Indoshin (yankin Vietnam) da na Aljeriya. Katin mutum kan nuna rundunarsa, ranar mutuwa, wurin, da sanadi, harbi ne ko ciwo. Kada ka yi mamaki in ka ga ciwon huhu a asibitin garin Fréjus da ke kudancin Faransa maimakon fagen daga, sanyi ya kashe da yawa. Sojojin Afirka ta Yamma duk an kira su tirailleurs sénégalais, wato sojojin Senegal, ko daga ina suka fito, saboda haka kalmar Senegal kada ta sa ka wuce katin. Wurin haihuwa ma sau da yawa kanto ko babban gari ake sawa, ba ƙauye ba, sai ka gwada Maradi, Tessaoua, Madaoua, har Zinder. Kundin aikin soja kansa yana cibiyar ajiyar takardun sojoji da ke Pau, na waɗanda suka mutu ko aka kama fursuna a yaƙin duniya na biyu kuma yana Caen. Wasiƙa da Faransanci ake aikawa, kuma amsa kan ɗauki lokaci. In ka aika "Abdou, ɗan Maraɗi" ba lamba ba shekara, ka ba su allura ne cikin ruwa.

Shi ya sa muke cewa gida tukuna, ko da mako biyu ne na zama da tsofaffi.

Abu ɗaya da ya kamata ka tantance tun farko: kakin wa ya sa? Tsakanin Maraɗi da Katsina ba nisa, kuma akwai mutanen wannan yanki da suka tsallaka suka shiga sojan Ingila. In tsofaffi suna ambaton yaƙin ƙasar Bama (Burma), inda sojan Ingila suka yi yaƙi, to ba ya cikin kundin Faransa ko kaɗan. Sunansa sai a shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, cikin sojojin Najeriya.