Sifirin mai gas: wanne ya dace da aikinka?

Sandar da ke riƙe murfin but ɗin mota a sama da wadda ke ɗaga kujerar ofis ginin su ɗaya ne: bututun ƙarfe da aka ɗura wa iskar naitirojin aka toshe, da sanda mai shiga da fita, da ɗan mai a ciki. Abin da ya raba su shi ne aiki, kuma a nan masu saye ke yin asara, domin da yawa tsawo kawai suke gwadawa da ido.

Wanda aka fi samu shi ne mai turawa. Shi ake sa wa murfin injin, akwatin janareta, ƙofar kabad da bonet. A jikinsa akwai lamba da harafin N, kamar 150N ko 600N, kuma kowane 10N kusan ƙarfin kilo 1 ne. Wannan lambar ita ce abin dubawa na farko. In ta yi ƙasa, murfi zai faɗo wa ma'aikaci a ka. In ta yi yawa, rufewa sai da kokawa, kuma a hankali sai ya ɓalle mariƙinsa. Kada ka ce ai mai ƙarfi ya fi inganci.

Akwai kuma batun zafi, wanda ya shafe mu kai tsaye. Ana auna ƙarfin ne a digiri 20, kuma yana ƙaruwa da kusan kashi 3.5 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10. Ke nan a bazarar Sakkwato ko Yamai sifirin zai fi abin da aka rubuta ƙarfi, da sanyin asubar hunturu kuma ya ɗan yi laushi.

Mai janyowa aikinsa akasin haka ne, ana sa shi inda babu wurin ɗaura mai turawa. Ba kasafai ake buƙatarsa ba.

Mai kulle ya fi cancantar a tsaya a kansa. Yana da ɗan maɓalli a bakin sanda, in an saki sai ya tsaya cak inda yake. Iri biyu ne: mai ɗan motsi, wanda ya dace da kujera, da mai kafewa sarai, na gadon asibiti da teburin aiki. Kamfanin Stabilus na Jamus yana kiran nasa Bloc-O-Lift. A ganina gadon majinyaci ba wurin neman araha ba ne.

Na injin buga faranti da huda ƙarfe, irin na kamfanin Kaller ko Dadco, wani babi ne daban. Ana ɗura masa gas har matsinsa ya kai kusan bar 150 (bar ma'aunin matsin iska ne), ƙarfinsa na kai tan da yawa, kuma sai ƙwararre ke sake cika shi.

Wurin sarrafa abinci ko inda ake yawan wanki da ruwa, nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na gwanjo kuwa, irin na Ƙofar Ruwa ko Panteka, ya iya isar but ɗin mota, amma duba sandar tukuna: in da karce ko jiƙewar mai, gas ya fara zurarewa.

Ɗaura sifirin mai turawa sanda na kallon ƙasa domin mai ya riƙa jiƙa robar bakin. In biyu ne, canza su tare. Riƙa goge ƙurar hunturu da tsumma mai laushi, kada ka kama sandar da filaya ko ka shafa mata fenti. Tsohon da ka cire ma da sauran gas a ciki, don haka kada a yanka shi, kada a bar shi kusa da wutar walda.