Sifektirofotomita ko na'urar PCR: wacce za a fara saya wa ɗalibai?

Malam, tunda kuɗin da sashenku ya samu na na'ura ɗaya ne, ka sayi sifektirofotomita, na'urar da ke auna yawan hasken da samfuri ya tsotse, ka bar PCR, mai ninka DNA, sai wani jiƙon. Kuma ka tabbata mai UV ce, wato hasken da ido ba ya gani, ba mai auna hasken da ido ke gani kaɗai ba. Duka biyun muna da su a ɗakin gwajinmu na bayokemistiri, makullin ma a hannuna yake kwana.

Sifektirofotomitarmu ta tsufa har rubutun maɓallanta ya goge, amma ba a mako ba a kunna ta ba. Da ita 'yan aji biyu suke fara auna furotin da sinadarin Biuret a 540 nm (nanomita, ma'aunin tsawon zangon haske). Idan suka shiga aji uku sai auna furotin da sinadarin Bradford a 595 nm, sai auna sukari da sinadarin DNS. Ranar da na fi so ita ce ta amilas, sinadarin yawu (enzayim) mai mayar da sitaci sukari. Kowane rukuni ya ba da yawun mutum ɗaya, a tsarma shi da ruwa, a zuba a kan sitaci, ana ta yatsine fuska ana dariya. Da an saka DNS an tafasa minti 5, ruwan ɗorawar nan ya rikiɗe ya yi ja, sai ka ji ɗakin ya yi tsit, kowa ya zuba wa allon na'ura ido yana jiran lambarsa. Yaron da ya haddace dokar Beer-Lambert (mai cewa hasken da samfuri ke tsotsewa yana ƙaruwa daidai da yawan abin da ke cikinsa) don jarrabawa, a nan yake ganin ta da idonsa. Wani zai kawo giraf ɗinsa ya ce, "Malam, layina ya lanƙwashe daga sama." Ka ce ya tsarma samfurin ya sake aunawa, layin ya miƙe, kuma ba zai ƙara mantawa ba. Wani ya riƙe kubet, 'yar kwalbar da ake zuba samfuri a ciki, ta gefen da haske ke ratsawa ya bar shatin yatsa, wata ta bar kumfa a ciki, duk lamba za ta tona musu asiri nan take.

Idan lokacin binciken 'yan ajin ƙarshe ya zo, layi ake yi mata. Mai ganyen zogale da mai ɓawon maɗaci suna jiran gwajin DPPH na sinadaran kariya (antioxidant) a 517 nm, masu ɓeraye suna jiran auna enzayim na hanta, ALT da AST. Kada kuma ka ɗauka zamani ya bar ku a baya. Da mai UV ɗalibi zai ciro DNA daga albasa ya auna a 260 da 280 nm, idan rabon ya kusa 1.8 ya san aikinsa ya yi tsafta. Zai bi saurin aikin enzayim ta hanyar kallon sinadarin NADH a 340 nm. Wanda hannunsa bai faɗa da waɗannan ba, ko an ajiye masa PCR a gaba ɓarnar sinadari kawai zai yi.

Ita PCR ba na musun amfaninta, tun annobar korona ta 2020 ma kowa ya san sunanta, kuma baƙi masu duba sashe suna son ganin ta a kan teburi. Tamu dai mafi yawan shekara a lulluɓe take. Sayen ta kamar sayen doki ne, harawar ce aiki: tankin jel na rarrabe DNA, fitilar duba jel, santirifuj (na'urar juya samfuri), ƙananan fifet (abin ɗibar ɗigon ruwa) da kawunansu, firiza mai riƙe −20°C, ga Taq da firaima, sinadaran da PCR ke aiki da su, da galibi sai an yi odarsu daga nesa. Wuta ta ɗauke kwana biyu, abin da ke firiza ya shiga shakka. Ta ɗauke ana zagaye na 20 cikin 30 na ɗumamawa da sanyayawa, aikin ranar ya tafi. Ga ɗalibi kuma, ya saka bututu ya rufe murfi ya zauna awa biyu, babu abin da ya gani. Aji mai mutum fiye da ɗari, 'yan gaba ne za su taɓa, saura su kwafi rahoto. Ku nemi alfarma a wata cibiya ko sashen da ke da ita, ku kai ɗalibai sau ɗaya a zango, ya wadatar a yanzu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kwangila. Akwai masu kawo na'urar da ke farawa daga wajen 340 nm su rubuta UV a takardar kuɗi. Kafin ka sa hannu, ka sa a kunna ta a gabanka, ka saita 260 nm da kanka. Ka tambayi fitilar dutiriyam, domin ita ce ke ba da UV, kuma tana da iyakar awoyin aiki. Wasu tsohuwar na'ura suke gogewa su sa ta a sabon kwali da fitilar da ta kusa mutuwa. Haka kubet. Aikin UV sai na kwaz, wanda UV ke ratsawa ba kamar gilashi ba, amma za a kawo maka na gilashi a kuɗin kwaz, kuma ido ba ya bambancewa. Ka daidaita na'ura a sifili babu komai a ciki, ka saka kubet ɗin a 260 nm. Idan lamba ta yi tsalle sama, gilashi ne, ka mayar masa da kayansa. Duk wanda ya ce a biya shi duka kafin gwaji, ko ya kasa faɗa maka inda za a sami fitila idan ta mutu, ka sallame shi da girma da arziki.

Idan canji ya ragu, ka haɗa da UPS da sitabilaiza, ka sa tela ya ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu, sannan ka ƙaro ƙananan fifet ko da guda huɗu ne. Kuma ka ja kunnen ɗalibai su riƙa barin ta ta yi ɗumi kamar minti 20 kafin a fara aunawa.