Ƙara wa mota bes: sifika, wufar ƙarƙashin kujera, ko akwati a but?

Rediyon da kamfani ke haɗo mota da shi, a irin su Corolla da Civic, ba ya wuce wat 15 zuwa 20 na gaskiya ga kowace sifika. Sifikokin ƙofa kuwa yawanci inci 6 da rabi ne, wasu da takarda aka yi su. Shi bes, wato sautin kiɗa mai kauri, iska yake so a tura da yawa, musamman sautin da ke ƙasa da haz 80, wanda mutum ke ji a ƙirji kafin kunne. Ƙaramar sifika a cikin ƙofar da ke karkarwa ba za ta iya wannan aikin ba, ko da ka murɗa maɓallin bes har ƙarshe. Abin da za ka samu shi ne kwarmato da ɓarɓarar sauti.

Da yawa sukan fara da canza sifikokin ƙofa, su sa Pioneer ko JBL ko Kenwood. Murya za ta fito tas, kiɗan zai washe, amma bes kaɗan zai ƙaru. Wani lokacin ma raguwa yake, domin sababbin sifikokin sun fi tsofaffin cin wuta, rediyon kuma bai da ƙarfin ciyar da su. In sifikarka ta fashe, canza ta. In bes kake nema, ajiye kuɗinka.

Wufa sifika ce ta bes zalla, kuma ta ƙarƙashin kujera ita ce tsaka-tsaki. Akwati ne falale, kaurinsa bai wuce santimita 7 ko 8 ba, da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a cikinsa. Kenwood KSC-SW11, alal misali, wat 75 take bayarwa na dindindin. Ba za ta girgiza gilashin maƙwabta ba, amma tana cike gurbin da sifikokin ƙofa suka bari, ba ta wahalar da batir, kuma but ɗinka yana nan a sake. Wanda ya mayar da motarsa ta gas, tukunyar CNG ta cinye masa rabin but, kusan wannan ce kaɗai mafitarsa. Sai dai a auna ƙarƙashin kujerar tukuna, don kujeru masu aiki da lantarki sukan cika wurin da wayoyi.

Mai son bes na sosai, akwati a but ne maganinsa: wufa mai inci 10 ko 12 da amfilifayarta daban. A nan ne zaɓi ke da yawa, a nan ne kuma ake yawan cutar mutane. Akwati iri biyu ne. Rufaffe, wanda ba shi da huda, ƙarami ne kuma bugunsa a tsuke yake, kowace ganga tana fita daban, shi ya sa ya dace da kalangu da kiɗan da ke da saurin duka. Mai huda ya fi girma da ƙara, ya fi ruri, masu jin hip-hop da amapiano sun fi sonsa. Amma dole girman akwatin da na hudar su dace da ma'aunin da kamfanin wufar ya bayar. Akwatin da kafinta ya haɗa da ido kawai, da siririn filawud, zai lalata wufa mai tsada. A nemi katakon MDF mai kaurin milimita 18. Ni dai, ga motar gida, wufa ɗaya mai inci 12 a rufaffen akwati da amfilifaya ajin D, irin da ba ta ɓarnar wuta sosai, mai wat 300 zuwa 500 ta wadatar.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta wat 2000 ko 3000 da manyan haruffa, wannan ƙarfin ƙiftawar ido ne. Nemi inda aka rubuta RMS, wato ƙarfin dindindin, ka daidaita na amfilifaya da na wufa, ka kuma duba om, wato ma'aunin turjiyar wufa ga wuta, 2 ne ko 4. Amfilifayar da ke iƙirarin wat 3000 amma fiyus ɗinta na amfiya 30 ne, ƙarya take: a wutar mota mai kusan bolt 14, amfiya 30 ba ta wuce wat 420. Wannan lissafin zai cece ka daga jabun kaya a Sabon Gari ko Fanteka.

Sai wayarin, inda aka fi yin rowa. Amfilifaya mai wat 500 na iya jan kusan amfiya 45, don haka waya mai kaurin lamba 4 take so, ta jan ƙarfe zalla. Mai arha alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, tana zafi, ga kuma zafin watan Afrilu. Fiyus ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa. Mai wayarin da ya ce ba sai an sa ba, ɗauki motarka ka bar masa garejinsa, wayar da ta goge a jikin ƙarfe gobara ce. In fitilu na dusashewa duk lokacin da bes ya buga, a duba batir da altanato da wayar as, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, kafin a sayi wani abu.

Ba lallai ba ne ka cire rediyon kamfani, musamman in yana haɗe da kyamarar baya da maɓallan sitiyari. Akwai ƙaramar na'urar da ke ɗaukar sauti daga wayar sifika ta miƙa wa amfilifaya, wasu amfilifayoyin ma kai tsaye suke karɓa. Camry mai JBL ko Mazda mai Bose suna da tasu amfilifayar a ɓoye, don haka a tambayi mai haɗin daga ina zai ɗauki sautin kafin ya yanke waya ko ɗaya.